Ƙanena Ya Kama Aiki Ba a Ɗauke Shi Ba

Jama'a, yau da safe na je wani ofishi neman a buga mini hatimi, sai ga ƙanena Dogo a bakin ƙofa yana tambayata wa nake nema. Na zaci an ɗauke shi aiki ya ɓoye mana, har na fara harararsa. Ashe har yanzu bin sawu yake yi.

Tun matarsa na da ciki ya yi intabiyu a wurin, aikin mai tarbar baƙi. Suka yaba masa, suka ce ya je gida za a kira shi. Yanzu yaron har rarrafe yake, waya ko tari ba ta yi ba. Mai askin layinmu ne ya ce masa manya ba sa tuna wanda ba sa gani. Shi ke nan, Dogo ya riƙa goge rigarsa ta fita, kullum ya je ya zauna a benci.

Amsar ba ta canzawa: Yallaɓai Mai Girma yana taro. Allah ya yi wa taron nan albarka, tun da aka shiga ba a fito ba. Dogo kuwa ba ya iya zaman banza. Baƙo ya shigo yana dube-dube, ya tashi ya raka shi. Wayar tebur ta yi ta ruri ba mai kula ta, ya ɗauka. Sannu a hankali har makullin ɗakin jira ya koma aljihunsa.

Na ja shi gefe na tambaye shi ko ana ba shi wani abu. Ya ce, "Yaya, kar ka ɓata mini shiri, ana lura da ni."

Tausayinsa ya kama ni, don na san matarsa ta gaji da ce wa iyayenta saura kaɗan.

Muna tsaye sai ga Yallaɓai da kansa, tumbi a gaba, mai riƙe jaka a baya. Dogo ya rusuna ya tuna masa maganar gurbin. Yallaɓai ya dube shi da mamaki, ya ce ai tuni aka ba wani ɗan albarka, kuma kowa na yabon yadda aikin ke tafiya.

"Ranka ya daɗe, ai ni ke yin aikin."

"Madalla. To jiya me ya sa ka makara?"

Wallahi a gabana Dogo ya ba da haƙuri. Shi kuwa ɗan albarkan, da ba wanda ya san kamanninsa, na ji ana shirin ƙara masa girma saboda ƙwazo.