Abin da Buzuzu Ya Gani a Bakin Tafki

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu akwai tafki guda ɗaya, daga gare shi kowa ke sha, tun daga ɓauna har ɓera. Da damina yakan cika ya tumbatsa, ba mai tunawa da shi. Da bazara kuwa yakan janye ya bar laka, ruwan ya yi kauri ya yi kore, dabbobi su riƙa cunkushewa a ɗan bakin da ya rage.

A wata bazara ciwo ya shigo dajin. Yakan fara da murɗawar ciki, sai gudawa, sai amai. Kwana biyu idon ɗan dabba ya faɗa, fatarsa ta saki, ya kasa ɗaga kai. Manya sukan sha wuya su tashi. Ƙanana ba su cika tashi ba.

Dajin yana da Majalisar Lafiya, shugabanta kuma wani zalɓe ne da ake kira Malam Shantali saboda tsawon wuyansa. Shekara goma sha tara yana tsaye cikin tafkin nan da ƙafa ɗaya, har aka yarda babu wanda ya san ruwa kamarsa. Shi ma ya yarda. Da ciwon ya tsananta ya yi dogon nazari, sannan ya sanar cewa wata muguwar iska ce ke tasowa daga kudu da la'asar, duk wanda ta shiga bakinsa ya kamu. Magani shi ne kowa ya juya wa kudu baya ya rufe baki idan rana ta karkata. Dabbobi suka bi. Da la'asar sai ka ga dajin gaba ɗaya ya fuskanci arewa, shiru, kamar ana jiran babban baƙo. Ciwon dai bai sami labarin dokar ba.

Akwai wani buzuzu mai suna Nomau, wanda ya gaji sana'ar iyayensa: ya tara kashin dabbobi, ya dunƙule, ya mirgina shi da baya-baya zuwa rami. Ba a gayyatarsa suna, ba a gaishe shi sai daga nesa. Amma sana'ar ta sa ya san abin da ke fita daga cikin kowa, ya kuma san inda kowa ke ajiye shi.

Wata safiya ya tarar da maƙwabciyarsa Tabawa, bushiya mai 'ya'ya biyar, tana shirin kai su tafki. Ya tsaya can nesa, kamar yadda ya saba, ya ce, "Tabawa, in da za ki ji tawa, kada ki kai yaran nan bakin tafki."

Ta ce, "To ƙishirwa zan bari ta kashe su?"

Ya ce, "Ba haka ba. Duk wanda ciwon nan ya kama, ƙishirwa ke jansa bakin ruwa, a nan yake kwanciya, a nan yake gudawarsa. Wurin gangare ne, abin yana tsiyaya cikin tafki. Na lura, duk gefen da mara lafiya ya kwanta, kwana biyu ko uku sai masu shan ruwa a gefen su kamu. Ki je tsohon rafin can da ya ƙafe, sama da tafki, ki tona yashi. Akwai ruwa a ƙasa, ba abin da ke gangarowa cikinsa."

Tabawa ba ta ga abin da za ta rasa ba. Ta je ta tona, ruwa ya tsattsafo, garai-garai, mai sanyi. Mako biyu suka wuce, 'ya'yanta biyar suna nan suna ƙiriniya. Kurege ya gani ya tona tasa rijiyar. Zomaye suka bi.

Ana nan sai Kande, wata barewa da ta riga ta binne ɗa ɗaya, ta zo rafin tana jan ƙafa, na biyun yana kwance can ƙarƙashin sabara ba ya ko motsi. Ta ce, "Yaya Tabawa, an ce mini kada in ba shi ruwa, wai ruwa ke ƙara gudawar."

Nomau yana kusa. Ya ce, "Ni ke kwashe abin da ke fita daga cikinsu, ruwa ne zalla. Ciwon tsiyaye su yake yi. A mayar masa da abin da ya zubar, kaɗan-kaɗan, ko yana amai kada a daina."

Tabawa ta kankaro ɗan gishiri daga dutsen da dabbobi ke lasa, ta jiƙa shi a ruwan rijiyarta, ta ɗiga zuma don yaron ya karɓa, suka yi ta ɗura masa da ganye. A rana ta uku ya miƙe yana rawar ƙafa, ya nemi nono.

Kande ba ta iya riƙe murnarta ba. Ta gangara bakin tafki inda jama'a suka taru, ta ɗaga murya: "Jama'a, ɗana ya tashi! Nomau ne, wallahi Nomau ne! Allah ya ba shi ilimin da bai ba kowa ba a dajin nan!"

Malam Shantali yana tsaye cikin ruwa, taku uku daga gare ta. Bai juyo ba. Amma ƙafar da ya naɗe tun safe ta sauko da kanta.

Da ƙarya aka yi, da abin ya zo masa da sauƙi. Abin da ya hana shi cin kifi ranar nan shi ne, tun kafin Kande ta rufe baki ya san gaskiya ne. Sau nawa ya ga ƙazantar nan tana gangarowa, har ya ɗaga ƙafa ya ba ta hanya? Shekara goma sha tara abin yana wucewa ta tsakanin ƙafafunsa, shi yana kallon sama yana auna iska. Ga shi wani ƙwaro da bai kai tsawon farcensa ba ya gane da kallo ɗaya. Duk inda ya juya sai ya ji sunan: a bakin zomaye, a bakin kurege, har tsuntsayen da ke kawo masa gaisuwa suka fara tambayarsa ko ya san Nomau.

Da rana tsaka, da wurin ya yi shiru, ya hango buzuzun yana fama da dunƙulensa a kan gangaren. Ya taka ya tsaya a kansa.

"Kai ne Nomau?"

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

"A wurin wa ka yi karatu?"

"Ban yi ba, Malam. Kaina ne kullum a ƙasa, sai na ga abin da ke ƙasa." Sannan ya ƙara da zuciya ɗaya, "Malam, ni ba wanda zai saurare ni sai ƙananan dabbobi. Kai kuwa in ka faɗa, har ɓauna za su bi. Ka ɗauki maganar ka ce taka ce. Wallahi ba zan gaya wa kowa ba."

Da zaginsa ya yi, da Malam Shantali ya yafe. Amma buzuzu ya yi masa sadaka, ya miƙa masa abin da shi yake mutuwar so kamar wanda ke miƙa ragowar tuwo, wannan kam bai iya haɗiyewa ba. Ya ce, "Za ka ji daga majalisa." Ya tashi sama.

Washegari da hantsi aka taru a gindin kuka. Baidu, tsohon ɓauna mai jagorancin taron dajin, ya zauna a tsakiya. Ba ya son hayaniya, kuma ya daɗe da gano cewa hanya mafi sauƙi ta kashe gardama ita ce a goyi bayan wanda ya fi dogon jawabi. Aka kira Nomau, aka ce ya tsaya ta gefen da iska ba za ta kwaso warinsa ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba mai magani ba ne. Na ga marasa lafiya suna gudawa a gangaren tafki, na ga tana shiga ruwa, na ga masu sha suna kamuwa. Na ga waɗanda ke shan ruwan yashi ba sa kamuwa. A raba wurin sha da wurin bahaya, a yi ta ba mara lafiya ruwa mai tsabta. Iyakar abin da na sani ke nan."

Malam Shantali ya gyara fiffike ya fito. Ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'ar daji, ban zo in ƙaryata kowa ba, ban saba gardama da na ƙasa da ni ba. Tambaya kawai nake yi. Shekara goma sha tara ina cikin ruwan nan, rani da damina. Da akwai cuta a cikinsa, wa ya kamata ya fara gani? Idan har abin da wannan bawan Allah ya faɗa gaskiya ne, ma'anarsa ke nan majalisarku makauniya ce, ku kuma da kuka naɗa ta ba ku san abin da kuke yi ba. Kun yarda da haka? Yau buzuzu ya ba da magani mun yi shiru, gobe tsutsa za ta nemi kujera. Sannan ku dubi abin da ya fi damuna. A da dukanmu wuri ɗaya muke sha, babba da ƙarami. Yau wasu sun ware, sun haƙa nasu, 'ya'yansu suna wasa, naku suna kwance. Wa ya zaɓe su? Me suka fi ku da shi?"

Nan ne maganar ta sami gindin zama. Manyan dabbobi ba sa iya shan ruwan ƙaramin rami, kuma babu wanda ya kawo shawarar a haƙa babba. Suka juya suka dubi 'ya'yan Tabawa biyar, sumul-sumul, suna kokawa a inuwa. Wata uwa da ta binne ɗanta jiya ta dube su, ta kau da kai. Wani ya ce ai da ma bushiyoyi ba su da zumunci. Wata ta ce wa ya sani ko su ne suka turo ciwon.

Kande ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ɗana ga shi nan tsaye! Ku tambaye ni, ni na gani da idona!"

Malam Shantali ya ce, cikin taushin murya, "Uwa ce, a yi mata uzuri. Hankalinta bai gama dawowa ba."

Baidu ya yanke hukunci. Za a cike ramukan rafi don a dawo da haɗin kai. An hana Nomau furta kalma a kan lafiya. An kafa kwamiti da zai binciki maganarsa, a ƙarƙashin Malam Shantali, ya kawo rahoto idan ya kammala. Kafin azahar ɓauna biyu suka je suka tattake rijiyoyin.

Kwana shida bayan haka autar Tabawa ta kamu. Tabawa ta yi ta tonon yashi a ɓoye, amma an sa gadi, ɗan abin da take samowa a ganye bai isa ba. Ranar da aka binne yarinyar, Nomau ya zo ya tsaya nesa. Tabawa ce ta matso kusa da shi, karo na farko tun da suke maƙwabtaka, ta ce, "Ba laifinka ba ne."

Ya ce, "An hana ni magana. Ba a hana ni aikina ba."

Ya zagaya dajin ya tara danginsa, buzuzu sun fi ɗari uku. Tun fitowar rana har faɗuwarta suna kan gangaren tafki, duk abin da ya faɗi ƙasa kafin ya kai ruwa sun rufe shi da ƙasa, sun dunƙule, sun haura da shi bayan dutse sun binne. Aikin ya fi ƙarfinsu, wasunsu sun mutu ƙarƙashin kofato. Ba wanda ya lura, domin ba wanda ya saba kallon ƙasa. Sannu a hankali masu kamuwa suka ragu, daga goma a rana zuwa uku, daga uku zuwa ɗaya, har aka yi mako ba a binne kowa ba.

Malam Shantali kaɗai ya lura. Kullum yana tsaye cikin ruwa yana kallonsu, yana ƙirga ranakun da ba a yi mutuwa ba, kowace rana tana ƙara masa ɗaci. Ya rame, gashin wuyansa ya fara zuba. Dabbobi suka ce aikin ceton jama'a ne ya cinye shi, suka ƙara girmama shi.

Majalisa ta sanar cewa juya wa kudu baya ya yi aiki, aka sa ranar bikin karrama shugabanta a bakin tafki. A zaman shirye-shirye, Malam Shantali ya nemi alfarma guda ɗaya tak. Ya ce, "Ba don kaina ba, don martabar dajin nan. Baƙi za su zo daga wasu dazuzzuka. Bai dace su tarar da ƙwari suna mirgina ƙazanta a wurin da muke shan ruwa ba. Wannan ai rashin tsabta ne. Ina roƙon a hana buzuzu kusantar tafki, daga yau har abada."

Aka yi ta jinjina masa saboda kishin tsabta. Kande ta dubi ɗanta, ta jawo shi jikinta. Baidu ya tambaya ko akwai mai ja, ba a samu ba, doka ta tabbata. Da yamma aka ga buzuzu ɗari uku a jere suna haura dutse, Nomau a ƙarshensu, ba ɗauke da komai ba.

A duk faɗin dajin, ungulu ce ta fara zuwa yi wa majalisa murna.