Rasuwar Mai Ido Ɗaya a Tsakanin Barkono da Tumatir

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, Tanvir Lone na gidan da ke saman tudu, a madadin kansa da mahaifiyarsa Zuni Begum, yana sanar da dangi da maƙwabta da duk wanda ya taɓa gyara hula a gabanta, rasuwar kyamararsa, wadda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Ta cika ranar Litinin da azahar, a tsakar gida, kwance kan tabarmar shanya.

Babu wanda ya san shekarunta. Da tsufanta ta zo hannunsa daga shagon Usta Rafiq mai gyaran agogo da kyamara a birni, fatarta ta goge a inda yatsan wani baƙo ya yi shekaru yana dafawa.

Marigayiyar ba ta da surutu. Kalmominta biyu ne: ƙyas, idan ta ga abin da ya cancanci a ajiye, da ƙirr, idan an ja mata fim. Ba ta taɓa neman batir ba. Bukatarta a hure mata ƙura, a goge ta da tsumma mai laushi, a rufe mata ido bayan aiki, a kwantar da ita cikin gwangwanin biskit.

Aiki ɗaya ta yi a hannun Tanvir. Tun shekarar da aka rufe gada, Shamshada, yayar Tanvir, ta rage a ƙetaren kogi tare da mijinta. Babu mai haye ruwan nan, domin shi ne iyakar ƙasa, kuma rurinsa yana haɗiye duk muryar da aka jefa masa. Sau ɗaya a shekara, bayan an cire masara, Shamshada kan sauko ta tsaya kan farin dutse. Tanvir kan sauka ta wannan gefen shi kaɗai, ya ɗaura wa marigayiyar dogon gilashinta mai janyo nesa kusa, ya kafa gwiwar hannu a dutse, ya ɗauke numfashi, domin gilashi mai tsawo haka bugun zuciya ma girgiza shi yake. Fim guda, hoto talatin da shida, duk fuska ɗaya. Ya hau motar birni ya kai a wanke hotunan, ya dawo ya zube su a cinyar Zuni Begum, wadda yanar ido ta hana ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta. Takan kai hoton har kan hancinta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ta rame. Mutumin nan ba ya ba ta abinci." Shekara bakwai ana haka. A takarda ta ga furfurar farko a kan 'yarta.

Ciwon ajali ya soma ne da damina. Fumfuna ta shiga cikin gilashin, zare-zare kamar saƙar gizo, fuskoki suka fara fitowa cikin hazo. Usta Rafiq ya ɗaga shi ga haske ya ce, "Malamin hoto, a rijiya kake kwantar da ita? Ka shanya ta kamar yadda ake wa bargo. Amma a kaikaice, ka ji ko? Kada ta haɗa ido da rana."

Tanvir ya matsu ta warke. Wasiƙa ta iso ta hannun wani ɗan uwa da ke aiki a Dubai, wata biyu tana zagaya duniya don ta haye ruwan da ake hangowa daga taga: Shamshada za ta sauko ranar Juma'a, da jaririyar da ta samu bayan shekara goma sha ɗaya tana jira. An sa mata Zuni.

Ya cire marfin gilashin, ya kwantar da majinyaciyar a kaikaice a gefen shanya, ya tafi masallaci. Zuni Begum kuwa, kamar kowace azahar ta kaka, ta bi tabarma da lalube tana juya barkono da yankakken tumatir don kowanne ya samu rabonsa na rana. Hannunta ya faɗa kan wani abu da ya juya wa ranar baya. Ta tausaya masa, ta tashe shi, ta tokare shi da kabewa, fuskarsa sama.

Da Tanvir ya dawo, ƙaurin yadi ne ya tare shi a ƙofa. Dogon gilashin ya yi aikinsa da gaskiya: ya janyo rana kusa. Baƙin labulen da ke cikin marigayiyar, wanda ke buɗewa ya rufe a ƙiftawar ido, ya huje. Usta Rafiq ya ce an daina yin irinsa tun kafin a haifi Tanvir. Iyalan ba su zargi kowa ba.

Ta rasu ta bar mijinta Dogon Gilashi, wanda ya samu sauƙi amma ba shi da wadda zai yi gani dominta. Da marfi, da igiyar wuya mai warin gumi. Da fim biyu marayu da ba a buɗe ba. Da hotuna ɗari biyu da hamsin da biyu a akwatin ƙarfe. Da Tanvir, wanda har yanzu kan kanne ido ɗaya idan ya dubi ƙetare.

Za a naɗe ta a farin ƙyalle a sa ta cikin gwangwaninta ranar Juma'a da sassafe, a ajiye ta ƙarƙashin hotunan. Zaman makoki a bakin kogi ne, da hantsi. Ana roƙon maza huɗu masu kafaɗa su zo da gadon igiya, kuma ba mamaciyar za su ɗauka ba. Ga dalili.

Jiya suna shan shayin gishiri, Tanvir ya ce zai bi ƙauyuka ko za a dace da aron wata kyamarar.

"Ni na kashe ta, ko?" in ji Zuni Begum.

"Kwananta ne ya ƙare, Ammi."

"Ƙaryarka ba ta da gishiri, kamar shayinka. Faɗa min, ita Mai Ido Ɗayan, ta taɓa kai wa Shamshada tawa fuskar?"

Tanvir ya ƙara mata shayi, ita kuwa ta ci gaba.

"Shekara bakwai ina kallon 'yata ina cewa ta rame, ita kuwa kai kaɗai take gani, kai ɗin ma rabin fuskarka a bayan ƙarfe."

"Gangaren ba na ƙafarki ba ne. Ko kin je ba abin da za ki gani, Ammi. Ko dutsen."

Ta ajiye kofin ta lalubo hannunsa.

"Idona ne ya mutu, nata yana nan. Ka fito min da jan mayafina, wanda ake hangowa daga nesa. Juma'a ni za a kai bakin ruwa, ta ɗaga min takwarata, kai ka faɗa min kamanninta da bakinka."