Wutar da Na Bi Har Kan Dutse

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da daminar da aka tura ni aikin malamin gona wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi ba. Bayan garin akwai wani ƙaton dutse, hanya ɗaya ce ke hawa kansa, kuma mai gari ya hana kowa binta da zarar an yi magariba. Lokacin ana fama da ɓarayin daji, 'yan sintiri kaɗai ke hawa don su hango abin da ke tahowa.

Ni dokar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai wata 'yar wuta ce shuɗiya da ke bayyana can ƙololuwa bayan isha'i, ta ɗan yi yawo, ta ɓace. Ba ta yi kama da tocila ba. Na tambayi mai masaukina, Alhaji Mamman, sai ya ce, "Malam, kai da aka turo duba masara, ina ruwanka da kan dutse?" (Irin wannan amsa, a kunnena, daidai take da a ce mini je ka gani.)

Ran nan da aka ɗauke ruwa na saci jiki, daga ni sai jallabiya da tocila da silifas. (E, silifas. Hawan dutse.) Ga santsi, ga ƙaya, amma da na kai tsakiya na waiwaya na hango fitilun Malumfashi can nesa, sai tsoro ya tafi. Na shiga haska nan, haska can, ina leƙen jemagu a kogo kamar wanda aka aiko ƙidayarsu.

Ashe a ƙasa an ga haske yana kaɗawa inda bai kamata a ga kowa ba, aka ɗauka ɓarayi ne ke yi wa juna alama. Sai na ji usur, sai ihu, sai kukan yara. Ni kuma na ce, "Kai, me ya samu garin nan?" Na ƙara ɗaga tocilar don in gani da kyau.

"Kada ka motsa!"

Na motsa. Silifas ya kwashe ni, na zauna daɓas, na sulalo har gaban shugaban 'yan sintiri, Malam Isiya, jallabiya ta naɗe har wuya, bakin bindigarsa na kallon cibiyata.

"Ni ne! Malamin taki ne!"

Ya sauke bindigar. "Malam, da bakinka ya yi nauyi, da yanzu wani zancen ake yi."

Aka gangaro da ni ƙofar mai gari daidai lokacin da mata ke fitowa daga cikin masara inda suka ɓuya, goye da yara, kowa caɓa-caɓa da laka. Mai gari ya ce, "Me ka je nema?"

"Ranka ya daɗe, wata wuta ce nake gani."

Malam Isiya ya zaro waya daga aljihu ya danna. Ga shuɗin nan. "Wannan? Can sama kaɗai ake samun sabis. 'Yata nake kira, tana karatun jinya a Zariya."

Wata tsohuwa ta matso ta leƙa fuskata. "Ɗan nan, saboda wayar Isiya na yi gudun da rabona da shi tun ina budurwa?"

Aka bushe da dariya, har da waɗanda ke share hawaye. Ni kuwa (Allah ya shirye ni), a cikin wannan kunyar sai da na tambayi Malam Isiya me ya sa hasken yake shuɗi.

Har yau ban daina son sanin abin da ba ruwana ba. Sai dai yanzu ina jira gari ya waye, kuma ina sa wando.