Daɓen Injiniya Tanimu

Duk faɗin tsohuwar Jihar Sakkwato babu mai zurfin ilimi irin Injiniya Tanimu na Yelwan Yauri. Shi ma ya sha tabbatar da haka. Kwas ɗin mako uku ya je Ingila, ya dawo da kwat, da mantuwar sunan fura, da kuma tausayin mutanen Yauri, waɗanda har yau ba su san ana ɗumama ɗaki ta ƙasa ba.

Ya sa aka fasa daɓen falonsa, aka shimfiɗa bututun ƙarfe lanƙwasa-lanƙwasa, aka rufe da siminti. A bayan ɗaki aka girka ganga bisa murhu. Ruwa ya yi zafi, ya zaga ƙarƙashin daɓe, ya komo ganga. Aikin ya yi kyau, wannan gaskiya ce.

Abin da yake nema shi ne shugabancin ƙungiyar ci gaban gari, dattawa ne kuma masu zaɓe. Ya gayyace su ranar wata Asabar cikin Afrilu, lokacin da ko kifin tafki neman inuwa yake. Ya ce wa matarsa Asibi kada itace ya yanke.

Dattawa suka tuɓe takalma, suka zauna kan tabarma. Injiniya ya hau kujera da takalminsa sau-ciki.

"Jama'a, zafi sama yake tashi, kimiyya ce," in ji shi. "Bature ya gane cewa wayewa daga tafin ƙafa take farawa. Abin da kuke ji yanzu, shi ne ci gaba."

Suna ji kuwa. Sai dai babbansu, Ardo Giɗaɗo, Bafulatani ne, ba ya nuna ciwo a gaban mutane, kuma ba mai tashi kafin ya tashi. Aka yi ta sauya ɗuwawu. Injiniya ya ga gumi har gemu da idanu jajur, ya ɗauka jawabinsa ne ya ratsa su, ya ƙara minti arba'in.

Da ya gama ya ce, "Baba Ardo, me za ku ce?"

Ardo ya miƙe a hankali, ya ɓamɓare rigarsa daga jiki.

"Aiki ya yi, ɗana. Amma mu nan garin ga, sai kifi ya mutu muka ɗora shi bisa wuta."

Washegari aka ba wani Bello mai kwalekwale shugabanci. A gindin mangwaro yake kiran taro.