Ranar da Fitilar Kifina Ta Amsa Amin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da dangin Laminu suka zo neman auren ƴata Rakiya ba, kuma na tabbata su ma haka.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Na yi aikin surbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, a kwalej har na yi ritaya, kuma duk wanda ya bi ta hannuna ya san ba na wasa. Da na zauna gida sai na sayi akwatin gilashi na zuba ƙananan kifaye jajaye (kifi halitta ce mai ladabi, ba ya surutu). Fitila kawai ta rage.

Shi kuwa Laminu ɗan kabu-kabu ne a Zango, yana haya da moto, wato babur. Yana da hankali, Rakiya na son sa, amma motonsa ya sha fitilu masu walƙiya kamar gidan rawa. Na ce wa uwargida, "In danginsa sun zo, zan ce su koma sai ɗansu ya natsu."

Ta ce, "Malam, fitila ce fa kawai."

Na ce, "Fitila ke nuna halin mai ita." (Ku riƙe wannan maganar.)

Na je kasuwa na sayo zaren ƙananan fitilun LED, ban tsaya tambaya ba. Da farko na tsaga tiyo biyu na manna zaren a ciki. Sannan na haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa, na ɗiga dalma, na naɗe da sikoci, wato salatif, don kada ruwa ya taɓa. Akwai wani ɗan baƙin akwati mai ƙaramar huda a jikin wayar. Na yanke hukuncin cewa fis ne mai kare waya daga ƙonewa, na bar shi. Daga ƙarshe gwaji. Dokar gidana kuwa, in ina aiki ko tari ba a yi. Na rufe ƙofa, na jona, farin haske ya sauka a kan ruwan, tsit. Na gwada washegari, cikin shirun nan dai. Lafiya lau.

Ranar ta zo. Bayan la'asar Alhaji Mamman, baffan Laminu, ya iso daga Takieta da mutanensa, ga limamin unguwarmu. Na zaunar da su, na saki labule don a ga aikin da kyau, na jona fitila. Kowa ya yi shiru yana kallo. Na gyara zama ina shirya jawabina na natsuwa.

Liman ya ce, "A yi salati."

Ɗakin ya koma ja.

Ya fara addu'a, ruwan ya koma kore. Ya ɗaga murya, shuɗi ya shigo yana tsalle. Da jama'a suka haɗa baki suka ce "Amin!" sai launukan gaba ɗaya suka ɓarke, suna zagaya rawanin liman da gemun Alhaji. Kifayen suka ruga bayan dutse. Na daka tsawa, "Shiru!" kamar ina tsakar kwalej, fitilar ta amsa mini da walƙiyar da ta fi ta kowa.

Alhaji Mamman ya leƙa, ya yi tafi sau ɗaya, ta yi ja. Ya ce, "Ikon Allah! Malam, ai irin ta moton Laminu ce sak, mai jin sauti. Mu da aka tsorata mu, wai ba ka son yaron saboda fitila. Ashe tafiyarku ɗaya!"

Daga bayan labule na ji dariyar uwargida, fitilar tana bin ta da kore. Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Na nemi jawabina na rasa. Me zan ce? Ɗanku ya koma ya natsu, alhali ɗakina na rawa? Na sunkuyar da kai na ce, "Na ba shi."

"Alhamdulillahi!" Shuɗi, ja, kore.

Bayan biki na yi niyyar yanke baƙin akwatin, uwargida ta hana. Wai shi ne kaɗai a gidan yake mayar mini da magana. Yanzu in Laminu ya zo gaisuwa, yakan durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni," a hankali ƙwarai, idonsa na kan kifi.

Darasin da na ɗauka: duk abin da ka gwada bayan ka hana kowa magana, ba ka gwada shi ba tukuna.