Alƙalin Alƙalai da Rigar Zakara

Duk faɗin birnin Tampere babu masanin rawar sulu a kan ƙanƙara kamar Aulis Rautio. Mai shakka ya je ya tambaye shi. Gaskiya ne ƙafarsa ba ta taɓa shiga takalmin sulu ba, amma wannan ƙaramin zance ne, ai ba sai likita ya yi ciwo yake ba da magani ba. 'Yan ƙungiyar magoya baya suna kiransa Alƙalin Alƙalai. Shi ya ɗauka yabo ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar gasar manyan gwanaye maza, saura mako guda a zaɓi shugaban ƙungiya, kuma Aulis na neman kujerar ido rufe. Don haka ya kame a layin gaba, bakin ƙofar 'yan wasa, inda duk masu ƙuri'a za su hango ƙeyarsa. Matarsa Sirkka tana gefe da butar kofi da haƙurinta.

Wani ɗan wasan Italiya ya yi tsalle, ya juya sau huɗu a iska, ya dira kamar gashin tsuntsu. Fili ya ɗauki tafi. Aulis ya girgiza kai.

"Gwiwa! Kun ga gwiwar nan? A zamaninmu ko shara ba za a ba shi ba."

"Wane zamanin naku?" in ji Sirkka.

"Zuba min kofi, ke dai."

Da alƙalai suka ba wa yaron maki mai tsoka, ya miƙe ya sanar da jama'a cewa su tara ɗin nan duk makafi ne.

Sai ga Ilmari Vesanto, ɗan gida. Aulis ya juya ga 'yan ƙungiya, ya dafa ƙirji.

"Yarona ne. Shekara shida da suka wuce na daka masa tsawa daga nan, na ce miƙe bayanka! Da tsohuwar zuma ake magani."

Ilmari ya tashi kan waɗanda suka zo da nisa, ya cinye gasar. Da zai koma karɓar lambar yabo, Aulis ya ware masa hannuwa. Ilmari ya tuɓe rigar sanyinsa ya ɗora a kansu.

"Kawu, ɗan riƙe min."

Shi ke nan, kakar Aulis ta yanke saƙa. Kafin a gama taken ƙasa ya cusa tumbinsa a rigar, ya haura wurin shan kofi, 'yan ƙungiya na biye.

"Ɗan halak ke nan, bai manta malaminsa ba. Na ce masa bar shi, ya ce wallahi sai na karɓa."

Sirkka ta kurɓi kofinta.

Yana cikin bayanin yadda za su tunkari gasar duniya, shi da yaron, sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Sanarwa. Dattijon ma'aikacin da Ilmari Vesanto ya ba ajiyar riga, don Allah ya dawo da ita. Makullan motarsa na cikin aljihun rigar."

Kowa ya juyo ya dube shi. Aulis ya motsa, makullai suka amsa.

Ranar zaɓe ya samu ƙuri'a ɗaya tak. Har yau yana yi wa Sirkka godiya, ita kuwa ba ta taɓa faɗa masa cewa ƙuri'ar tasa ce da ya jefa wa kansa ba.