Rasuwar Mai-Ido-Ɗaya da Fim a Cikinta

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin cikin ma bai gama isowa cikinta ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gabanta yana yaro, rasuwar kyamarata, wadda yaran layinmu suka fi sani da Mai-Ido-Ɗaya. Ta cika ranar Alhamis da magariba, a cikin kabad, ita kaɗai. Ina zaune bakin gado ina cire takalmi sai na ji ƙyas daga cikin kabad ɗin, alhali ba hannun da ya taɓa ta. Matata ta ce ɓera ne. Na ce mata shekara talatin da huɗu ina jin wannan ƙara a gindin kunnena, ɓera bai iya ta ba. Wannan ce maganar marigayiya ta ƙarshe.

Ta zo hannuna da 'yan shekarunta, daga wani malamin makaranta da zai bar gari. Irin ta dā ce mai naɗin fim a ciki, wanda sai an wanke hoto ke fitowa, baƙa, mai nauyin rabin bulo, ba ta san batir ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, littafin da ya zo da ita ban taɓa wuce shafi na uku ba. Don haka ita ta koya mini aikin da kanta, ta hanyar ɓata mini hotuna.

Ita ta nuna mini cewa rana tsaka ba ta son yara. Tana matse musu ido, ta zuba baƙar inuwa a ƙarƙashin gira, ta ƙone farar riga har a rasa maɓalli. Marigayiya ta fi son hantsi, ko bayan la'asar, ko ranar da siririn gajimare ya rufe rana kamar labule. In babu ko ɗaya, sai bakin inuwar bango, ba can tsakiyarta ba. Kafin in murɗa zoben haske nakan miƙa bayan hannuna daidai inda fuskar yaro za ta kasance, in ga yadda hasken ya kwanta. Masu wucewa suna zaton ruwan sama nake dubawa. Ta koya mini durƙuso, domin wanda ya ɗauki yaro daga tsaye ƙaton kai yake samu da 'yan ƙafafu. Gwiwoyina shaida ne.

Ba ta taɓa yarda a ce wa yaro “tsaya cak, yi dariya” ba. Yaron da aka tsayar, hoton tsoro ake samu. Abin da muke yi ni da ita, sai in ajiye ɗan dutse a ƙasa, in saita nisa a kansa, in kai saurin ƙiftawarta lamba ɗari biyar, in ce su rugo. Ƙafa na kaiwa dutsen, ƙyas. Haka muka riƙa kama yara a iska, ƙafa biyu ba sa taɓa ƙasa, gashin ido ana iya ƙirgawa. Ranakun da babu yara mukan ɗauki wasu abubuwan. Akwai ƙadangare mai wutsiya biyu, akwai wata inuwar keke da ta fi keken kyau. Ba ta taɓa tambayata amfaninsu ba.

Mutum ɗaya ce ta gagare mu, jikata, wadda muke kira Mazari, shekararta huɗu. Hotunanta sun fi sittin a wurina. A wani ƙeya ce, a wani hannu ya zama hayaƙi, a wani babu kowa sai bango da gefen takalmi. In na ce ta rugo sai ta zauna. In na ce ta zauna sai ta hau wuyana.

“Kaka, abar nan taka makauniya ce,” take cewa.

“Ke ce ba kya ganuwa, uwar rawar kai.”

Alhamis ɗin nan ce ranar Mazari ta ƙarshe a gidan. Ubanta, ɗana na biyu, ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa zai tafi da iyalinsa, likita kuma ya riga ya gaya mini yanar da ke idona ba jira take yi ba. Hoto ɗaya nake so, wanda fuskarta za ta fito tar, tun ina iya ganinsa. Na sa fim na ƙarshe, wanda na daɗe ina ɓoyo a firij bayan kwalaben magani. Hasken ya yi kyau, gajimare siriri, iska kwance. Na ajiye dutse a ƙofar gida na durƙusa. Ta rugo ya fi sau goma, kullum sai ta kauce wa dutsen. Ana ta loda akwatuna a mota, uwarta na kira. Can sai ga jerin tururuwa sun bi ta gefen dutsen. Ta zo ta tsuguna daidai wurin, ta ɗago kai ta dube ni, baki a buɗe, za ta gaya mini wani abu. Na danna.

Ba ƙyas na ji ba. Ƙiii ta yi, ta tsaya a rabi. Tagar leƙawa ta yi duhu, hannun naɗe fim ya ƙi motsi. Direba ya yi ham, aka ɗauki Mazari. Sauran ƙarar sai da magariba marigayiya ta ƙarasa ta.

Washegari na kai ta wurin mai gyaran agogo, wanda shi ne likitanta tun fil azal. Ya kara ta a kunne, ya jijjiga ta a hankali, ya ajiye.

“Baba, abu uku ne. Ko idonta ya buɗe ya ƙi rufuwa, haske ya cinye hoton fari fat. Ko bai buɗe ba sai a cikin kabad, ta ɗauko maka duhu. Ko kuma ta ƙifta daidai, madubin ciki ne kawai ya maƙale.”

“Wanne ne a ciki?”

“Sai an fasa bayanta a ɗaki mai duhu an zaro fim ɗin. In an fasa kuma, ba ta ƙara haɗuwa.”

Mai wankin hoto na bakin titi, wanda yanzu rigunan waya yake sayarwa, ya ce yana da sauran ruwan wanki kwalba ɗaya, amma ba zai wuce ƙarshen wata ba zai lalace. Na ce masa na ji. Uban Mazari kuma ya turo hotunanta ta waya daga can. Sun fito radau. Wayar har goge mata tabon goshi ta yi, wanda ta samu a kan dakalina. Na duba, na miƙa wa matata wayarta.

Marigayiya ta rasu ta bar jakarta ta fata, da maɗaurin wuya wanda aka ɗinke sau uku, da murfin ido da ke ɗaure da zare tun ranar da wani yaro ya kusa haɗiye shi. Ta bar sanda mai ƙafa uku, ɗaya gurguwa. Ta bar kwali huɗu na hotunan yara, waɗansu yanzu da furfura. Ta bar ni.

Za a yi mata sutura ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da ta fi son haske. Za a naɗe ta a farin ƙyalle, a sa ta a jakarta, a ɗora a saman kabad. Duk wanda yake da hoton yarintarsa da ta ɗauka ya zo da shi. Masu waya su bar ta a aljihu. Ba za a fasa ta ba. Na auna abin kwana biyu. Matuƙar tana rufe, Mazari na nan tsugune a ciki, ta ɗago kai, kowane gashin ido a wurinsa. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Kafin in kafe wannan takarda na karanta ta a ƙofar gida, gaban matata da mai gyaran agogo da tela maƙwabcinmu. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya cire allurar da ke bakinsa, ya yi tambaya:

“To Malam, in yarinyar tana ciki, wa zai gan ta?”